Wuƙar Roba a Ƙarƙashin Katifa

Shekara talatin da ɗoriya, duk gidan da aka ga koriyar motar Ozella Crume ta tsaya a ƙofarsa a garinmu, maƙwabta ba sa jiran sanarwa. Wannan ta fito da kaji daga firiza, waccan ta fara kwaɓa burodin masara, maza su je su gwada ko baƙar kwat ɗinsu tana shiga har yanzu. Ozella ce mai zaman jinyar ƙarshe. Idan likita ya ce a mayar da mutum gida, ita ake kira. Ta iya jiƙa leɓen da ya bushe, ta iya juya jikin da ya yi nauyi ba tare da mai shi ya ji zafi ba. Idan rai ya yi halinsa kuma, ita ke rufe ido, ta tsayar da agogon bango, ta bi madubin gidan ɗaya bayan ɗaya tana lulluɓewa da zanen gado, yadda tsofaffinmu suka bar mana. Kowa na ganin girmanta. Amma ko a coci, mai ciki in ta hango ta sai ta sake benci.

Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa nuna abin ya dame ta ba sai bayan rasuwar mijinta Cleophus. Wata goma sha huɗu tana jinyarsa a ɗakinsu na baya, ita ta rufe masa ido, ita ta lulluɓe madubinsu. Bayan an yi jana'iza an watse, ta yaye zanen, ta daɗe tana kallon matar da ke ciki. A ranar ta ce wa kanta rakiya ta ishe ta haka, tana so ita ma ta yi wa wani maraba kafin nata lokacin ya zo.

Tana da shekara sittin da ɗaya ta tuƙa motarta zuwa birnin Jackson, ta zauna kwana huɗu a ajin koyon aikin da suke kira dula, wato mai zaman naƙuda. Ita ce tsohuwar ajin, sauran duk sa'o'in 'ya'yanta ne. Malamarsu Renita ta yi ta nanata musu cewa su ba ungozoma ba ne: ba su duba mace, ba su ba da magani, ba su magana da yawun likita. Nasu ruwa a leɓe, hannu a ƙugu, da zama ba tashi. Ozella ta ji wannan ta yi murmushi a ranta, don aikin da ta sani ne, gadon ne kawai ya bambanta.

Takardar shaida kuwa ba a ba da ita sai mutum ya zauna haihuwa uku cikin shekara biyu, tun daga lokacin da naƙuda ta kankama har jariri ya faɗo, kuma kowace haihuwa sai mai jego da nas sun sa hannu a fom. Wadda wa'adin ya ƙare mata, ta koma aji daga farko. Biyu na farko Renita ce ta samo mata a Jackson, inda ba wanda ya san koriyar motar. Ta ukun ce ta zama ƙaya. Daga garinmu zuwa can tafiyar awa biyu da rabi ce, jarirai kuwa ba sa jiran tsohuwar mota. Sau biyu tana isa ta tarar har an sa wa jariri hula. Renita ta ce mata ta daina wahalar da kanta, ta nemi ta gida. Wa'adin Ozella ƙarshen Satumba ne, kuma ta riga ta gaya wa kowa ba za ta sake komawa benci a shekarunta ba.

Ta manna takarda a allon sanarwa na coci. Lahadi biyu tana nan, ta uku aka wayi gari an cire. Mama Dovie Lamkin, uwar cocinmu, wadda ta haura tamanin kuma ba ta taɓa tauna magana ba, ta tare ta a bakin matakala bayan an tashi.

"Ozella, ina ƙaunarki, Ubangiji ya sani. Ranar tawa ke nake so ki rufe min ido, kar ki bar wa matar fasto, hannunta sanyi. Amma jikata Shantrice tana da ciki, kar in ga motarki a layinsu."

Ozella ta ce ta ji.

Ba ta je layinsu ba. Shantrice ce ta zo da ƙafarta wata ranar Agusta, cikin zafin nan da ke narkar da kwalta, ta tarar da ita a baranda tana ɓarar wake. Ta zauna da ƙyar, ta jawo kwanon gabanta ta kama ɓara ba wanda ya sa ta. Mijinta Dontrell yana aikin jirgin da ke tura kaya a kogi, kwana ashirin da takwas yake yi kafin ya sauko, kuma lissafi ya nuna ba zai kasance a gari ba. Uwarta Verlene, 'yar Mama Dovie, ta rasu shekara tara da suka wuce, Ozella ce ta zauna da ita.

"Kin san kakarki ta ja min kunne," in ji Ozella.

"Na sani. Ni ma ta ja min, har yanzu zafi yake." Ta zuba waken a kwano. "Mis Ozella, lokacin ciwon Mama kowa ce min yake za ta tashi. Fasto ya ce, Kaka ta ce, har likita ya yi ta kewaye-kewaye. Ke kaɗai kika kira ni kicin kika ce in akwai abin da nake so in gaya mata, in gaya mata yau. Na gaya mata. Bayan kwana biyu ta tafi. Ina so ranar nan a samu mutum ɗaya a ɗakin wanda ba zai yi min ƙarya ba."

Haka aka yi ta. Ozella ta riƙa zuwa wajenta, amma tana ajiye motar a bayan shagon wanki ta ƙarasa da ƙafa, don kar maƙwabta su fara yanka kaji. Ta koya mata numfashi, ta ɗinka mata safa cike da ɗanyar shinkafa da ake ɗumamawa a ɗora a ƙugu. Mama Dovie ta yi fushi, ta yi addu'a, ta sake yin fushi, daga baya ta ce tunda yarinya ta ƙi ji, to ita ma ƙafarta ƙafarsu, kuma idonta na kan Ozella.

Naƙuda ta tashi ranar ashirin da biyu ga Satumba da hantsi, injinan tsinkar auduga suna ta ruri a gonaki. Saura kwana takwas wa'adi ya cika. Ba wata mai ciki a gaban Ozella bayan wannan.

Rigima ta fara tun a ƙofar asibitin yankinmu. Na'urar da ake wucewa ta ciki ta yi ƙara a kan jakar Mama Dovie, mai gadi ya buɗe ya tarar da wuƙar yankan nama naɗe cikin tawul. Wuƙar uwarta ce. Haihuwa goma sha ɗaya ta kwana a ƙarƙashin katifa tana yanke zafin naƙuda, har da haihuwar Verlene. Mai gadin, yaron da ta taɓa koya wa karatun Lahadi, ya yi ta ba ta haƙuri, amma ya ce wuƙa ba za ta hau sama ba. Ta kira shi da sunan uwarsa da na kakarsa, bai ba ta ba. Ta shiga ɗakin haihuwa hannu wofi, ta zauna a kujerar kusurwa da jakarta a cinya, fuska kamar hadarin gabas.

Nas ɗin da ke kan aiki sunanta Whitlow, doguwa, mai ƙarancin magana. Ta dubi Ozella ta dubi jakarta, ta ce ta yi aiki da masu zaman naƙuda iri-iri, wasu taimako, wasu ƙarin aiki, kuma muddin ba a taɓa mata na'ura ba za a rabu lafiya. Ozella ta nuna mata fom ɗin, ta ce sai an gama. Whitlow ta ce sai an gama ɗin.

Awa huɗu komai na tafiya daidai. Ozella ta riƙe Shantrice suna zagaya ɗaki, ta danna mata ƙugu da tafin hannu idan ciwo ya taso, ta sa mata ƙanƙara a baki idan ya lafa. Ba ta cika magana ba. Idan yarinyar ta tambaya ko zai fi haka zafi, ta ce mata e, zai fi, kuma za ta iya. Har Mama Dovie sai da ta sassauta riƙon jakar.

Wajen ƙarfe biyu Whitlow ta turo wani dogon madubi mai taya, irin wanda ake ajiyewa a ƙarshen gado don mai haihuwa ta ga fitowar kan ɗanta. Ta ce an kusa, ta ajiye shi, aka kira ta ɗaki na gaba ta fita. Shantrice ta ɗago ta ga kanta a ciki, gashi a tsaye, gumi ko'ina, ta kawar da kai.

"Mis Ozella, kawar min da abin nan, ba na son ganin kaina."

Ozella ta tura madubin, ya ƙi motsi. Ta sake turawa, ya ƙi. Ciwo kuma ya fara tasowa, yarinyar na miƙo mata hannu. Akwai zanen gado ninke a kan kujera. Ba ta yi shawara da kowa ba, ko da kanta. Hannunta ya ɗauki zanen, ya warware shi da kaɗawa ɗaya, ya yafa wa madubin, har ya cusa gefunan ta baya yadda ba zai zame ba, kamar yadda ya yi a gidaje fiye da ɗari.

Sai da ta juyo ta ga fuskar Mama Dovie sannan ta san abin da ta yi.

Tsohuwar ta miƙe ba tare da sandarta ba. Ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi muni. "Sauke shi."

Ozella ta fizge zanen. Amma Shantrice ta riga ta gani. Tana da shekara goma sha biyar ta tsaya a ƙofar ɗakin uwarta ta ga wannan hannun ya yi wannan aikin, da kaɗawar, da cusa gefen. Hannun da take miƙowa ya koma kan cikinta.

"Na gaya miki," in ji Mama Dovie. "A bakin matakala na gaya miki. Fita."

Ozella ta dubi Shantrice. Yarinyar ba ta ce ta tsaya ba. Ozella ta ninke zanen, ta ɗauki jakarta, ta fita.

Akwai benci a baranda, daura da ƙofar. Ta zauna. Ta san dokar sarai: fita ta ɗan lokaci don kama ruwa ba laifi, amma wadda aka kora daga ɗaki ba ta zauna haihuwa ba. Fom ɗin na cikin jaka, ta ji kamar ta ciro ta yaga. Ta tuna Cleophus, yadda yake cewa hannunta ya fi kanta sauri, ko gishiri ne sai ta zuba kafin ta ɗanɗana. Motarta na ƙasa, minti arba'in ta isa gida. Sai dai a shekara talatin ba ta taɓa barin gida aiki bai ƙare ba, ko an zage ta, kuma an sha zaginta, don mai baƙin ciki ba ya zaɓen wanda zai huce a kai. Ta gyara zama.

Can Whitlow ta fito riƙe da safar shinkafa da yatsa biyu, ta tambaya minti nawa ake ɗumama abin nan. Ozella ta karɓa ta je ta ɗumama, ta gwada a wuyan hannunta, ta kawo. Ta ce a gaya wa tsohuwar ta ɗora a ƙasan ƙugu, ba a tsakiyar baya ba. Bayan ɗan lokaci ta kawo ƙanƙara. Ta yi ta sake ɗumama safar. A fitowa ta uku Whitlow ta tsaya ta ce jariri lafiya lau, bugun zuciyarsa kamar agogo, amma naƙuda ta tsaya cik, yarinyar ta ƙanƙame jikinta ta ƙi saki. Likita ya ce zai ba ta zuwa ƙarfe huɗu kafin a yi wata maganar.

"Madubin yana da birki, ta ƙasa," in ji ta. "Da ƙafa ake takawa."

"Yanzu na sani," in ji Ozella.

Keken da ake kwashe tiren abincin rana yana tsaye a ƙarshen baranda. A kan wani tire da ba a taɓa ba akwai cokali da wuƙar roba cikin leda. Ozella ta daɗe tana kallonsu. Ta tashi ta ɗauko wuƙar, ta naɗe ta a farin hankicinta na coci, ta roƙi Whitlow ta miƙa wa tsohuwar. Whitlow ta buɗe ta gani, ta ɗaga gira, ta shiga.

Ba a yi minti biyu ba ƙofa ta buɗe. Mama Dovie ce, da wuƙar a hannu kamar ta kamo ɓera.

"Ozella Crume. Wannan ko man shanu ba ta yankawa."

"Na sani, Mama Dovie. Ita kaɗai suka bari ta hau sama."

"Da uwata na da rai ta ga wannan, da daga ni har ke ta haɗa ta zane."

"Da ta yi daidai." Ozella ta miƙe. "Na yi kuskure. Yarinya ta ce ba ta son ganin kanta, hannuna ya riga ni. Ba ni da abin faɗa bayan wannan."

Tsohuwar ta jingina da bakin ƙofa. Kusa-kusa haka Ozella ta ga ba fushi ba ne ke girgiza mata haɓa. "Na binne uwarta," in ji ta, ƙasa-ƙasa. "Ba zan binne wannan ba. Ba zan iya ba."

Ozella ta tuna gargaɗin Renita a kan magana da yawun likita, ta auna abin da za ta faɗa. Sannan ta faɗe shi yadda za a ji daga kan gado, don ƙofar a buɗe take.

"Ni ba likita ba ce. Nas ta ce jariri lafiya, uwa lafiya, ki riƙe wannan. Amma akwai abu ɗaya da na sani fiye da kowa a ginin nan. Shekara talatin ina zama da mutuwa a ɗaki ɗaya. Na san numfashinta, na san yadda take sa ƙafa ta yi sanyi, na san shirun da take zuwa da shi. Awa huɗu ina riƙe da yarinyar nan, ban ga alamarta ko ɗaya ba. Da na gani da na gaya miki. Kin sani, na taɓa gaya miki lokacin Verlene."

Daga ciki aka ji muryar Shantrice: "Kaka, bar ta ta shigo ta faɗa min a fuskata."

Ozella ta shiga, ta riƙe mata fuska da hannu biyu, ta maimaita. Shantrice ta kalle ta cikin ido, ta daɗe, sannan kafaɗunta suka sauka. Mama Dovie ta zagaya ta ɗaga gefen katifa tana gunaguni, ta tura wuƙar robar, ta ce wa Ubangiji ya dubi niyya kar ya dubi kayan aiki. Dariya ta kuɓuce wa Shantrice, tana yi tana riƙe ciki tana cewa a bari, a bari. Dariyar ba ta ƙare ba ciwo ya taso mata, mai ƙarfi, wanda ya fi na baya duka. Whitlow ta taka birkin madubin ta juya fuskarsa bango.

Ƙarfe shida saura, rana na kan tagar yamma, aka haifi mace. Aka ɗora ta a ƙirjin uwarta tana tsala ihu, can ta yi shiru ta buɗe ido. Haɓar Verlene ce sak. Ozella ta tsaya a gefen gado hannuwanta a sake, ba abin rufewa, ba agogon tsayarwa. Mama Dovie ce ta ce mata ta daina tsayuwa kamar turken waya, ta zo ta gyara wa yarinya matashi.

Da komai ya lafa Shantrice ta sa hannu, Ozella ta kai wa Whitlow fom ɗin a teburin nas-nas. Ta ce kafin ta sa hannu, ta sani awa ɗaya da minti arba'in ta yi a waje, kuma korar ta aka yi, kuma da dalili. Ta ce a rubuta haka.

"Zan rubuta," in ji Whitlow. "Zan kuma rubuta wanda ya ɗumama safar nan sau huɗu." Ta cika gurbin, ta juya bayan takardar ta ci gaba da rubutu, ta sa hannu.

Ozella ta aika da fom ɗin ranar ashirin da biyar. Ba a ji komai ba har tsakiyar Oktoba, sannan Renita ta bugo waya. Ta ce an yi gardama a kan takardarta, wasu sun ce doka doka ce. Abin da aka tsayar shi ne ta rubuto da hannunta abin da ya faru da abin da ta koya, a duba. Ozella da ta bar makaranta a aji takwas ta yi kwana uku a teburin kicin, ta cika shafi biyu. Ba ta wanke kanta ba ko a layi ɗaya. A ƙarshe ta rubuta cewa yanzu kafin ta taɓa komai a ɗakin haihuwa tana tambayar hannunta aikin wa zai yi.

Takardar shaidar ta iso cikin Nuwamba a babban ambulan mai kwali a ciki. Ta kai coci. Mama Dovie ta sa tabarau ta karanta tun daga sama har ƙasa, ta ce sun rubuta sunan daidai, sannan ta manna ta da kanta a allon sanarwa, wurin da aka taɓa cire waccan, ta ce ta ga wanda zai taɓa.

Ozella ba ta daina zaman jinya ba, don ba wanda zai yi. Shekara shida ta yi tana haɗa biyun, kuma ta daina ɓoye motar a bayan shagon wanki. Wata safiya cikin bazarar da ta biyo bayan haihuwar nan, ta tsaya a ƙofar wani gida a layin bayan injin auduga, inda akwai tsoho kwance, akwai kuma surukarsa da cikin wata tara. Tana fito da jakarta, maƙwabciyar gidan ta leƙo ta kan shinge, da daskararriyar kaza a hannu, ta rasa ko ta mayar firiza ko ta jiƙa.

"Mis Ozella, don Allah wanne ne yau?"

Ozella ta ɗaga mata safar shinkafa.

"Ki dai dafa," in ji ta. "Mai jego ma tana cin kaza."